Sarauniyar Lugu da ma'aikacin Roma

Daga Kore Mairuwa har Matankari, babu wanda bai ji labarin Sarauniya Mangu ba, wadda ta tare rundunar Voulet da Chanoine a Lugu cikin watan Afrilu na 1899. Abdoulaye Mamani, haifaffen Gudumariya, ya mai da wannan tarihi littafi cikin Faransanci a shekarar 1980, kana Med Hondo ya ɗauke shi a sinima a 1986.

Ita Sarauniya, a cikin littafin, ba ta da shakka: ƙin da ta yi wa Nasara riƙo ne da gadon Azna, jama'arta kuwa suna bayanta. Masu wuyar zaɓi su ne na kewaye da ita. Sarkin Arewa ya ji labarin garuruwan da aka ƙone, ya zaɓi ya kwantar da kai. Ɗansa Ɗan Zaki ya ƙi, ya bar fada ya nufi Lugu. A ƙasar da ɗa ba ya haɗa ido da mahaifinsa, wannan fita ta fi shiga fagen fama nauyi.

Marubutan Italiya ma sun daɗe suna juya wannan magana. A 1951 Alberto Moravia ya fitar da "Il conformista", watau mai bin jama'a. Marcello Clerici, tun yana yaro, ya harbi wani direba, ya ɗauka ya kashe shi. Daga ranar burinsa ɗaya ne: ya zama kamar kowa. Ya yi aure, ya kama aiki a Roma ƙarƙashin gwamnatin Mussolini, har ya nuna wa makasa tsohon malaminsa Quadri, mai zaman gudun hijira a Paris. Daga baya sai ga direban da ransa.

Kuskure ne a ajiye Marcello da Sarkin Arewa a tabarma ɗaya. Sarki bindiga ce a ƙofar garinsa. Marcello ba wanda ya tilasta masa, tsoron kansa ne ya kai shi. Waɗanda suka fi kusa da shi su ne baƙaƙen sojojin rundunar, masu cinna wuta duk inda aka ce su cinna. Amma su biyayyarsu ta yi iyaka. Ran 14 ga Yuli 1899 Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Ɗankori. Kafin kwana uku su cika, sojojin nan sun juya bindigoginsu, sun kashe Chanoine, kashegari kuma Voulet, kusa da Maijirgi.