Gargaɗi ga Jama'ar Yamai: Takardar Lakkol Ba Ta Hana Ciwon Sanyi

Jama'ar Yamai, a yi hattara! Ciwon sanyi, tunjere, ciwon hanta da sida suna yawo a tsakaninmu, kuma ba su tambayar ajin da mutum ya kai.

Da yawa cikinmu sun ɗauka cututtukan nan na mutanen karkara ne da ba su yi boko ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya ƙaryata wannan. A lokacin, masu ɗauke da ƙwayar sida a Nijar kashi 0.4 ne cikin ɗari, amma a birane adadin ya fi na ƙauyuka, alhali a birnin ne lakkol da jami'a da albashi suke. Ga misali, ɗalibi ya haddace hanyoyin kamuwa tun yana koleji. Ran da fitsari ya fara yi masa zafi, sai kunya ta hana shi zuwa likita, ya tsaya wajen mai tallar magani a bakin titi, ya sayi ƴan kafso ya haɗiye. Zafin ya lafa, ƙwayar cutar tana nan daram, ta ma daina jin magani. Da ita zai shiga ɗakin amarya.

Amaryar ce abin tausayi. Binciken nan ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan ƙasar nan an aurar da su kafin su cika shekara 18, da yawansu ba su gama lakkol ba. Ina ta ga bakin da za ta ce wa miji ya je gwaji? Ciwon sanyi a jikin mace yakan yi lamo har ya toshe hanyar ƙwai. In haihuwa ta ƙi, ita za a ɗora wa laifi, a yi mata kishiya, cutar ta sami sabon gida. Tunjere kuwa yana kashe ɗa tun a ciki.

Duk wanda ya ga ruwa mai wari, gyambo ko zafin fitsari, ya tafi asibitin CSI na unguwarsu yau, tare da abokin kwanansa, su sha maganin har ƙarshe. Cibiyar CTA ta Yamai tana kula da masu sida, maganin rage kaifinta kyauta ne. Wanda ya kasa kame kansa, ga kwaroron roba na Foula.

Iyaye, ku bar ƴaƴanku mata su ci gaba da karatu. Malamai da waliyyai, don Allah kada ku ɗaura aure sai ango da amarya sun kawo takardar gwaji.