Francis Ngannou: ɗan damben da ya ratsa hamadarmu kafin duniya ta san shi

Jama'a masu saurarenmu na Kance da Matamaye, da ƴan uwa da ke bin mu daga Kano, Agadas, Aljeriya da Libiya, samari da yawa suna tambayarmu labarin Francis Ngannou, ƙaton ɗan damben nan da suke gani a waya. To, ga shi.

An haife shi ranar 5 ga Satumba 1986 a garin Batié na ƙasar Kamaru, cikin gidan talakawa. Tun yana yaro yake haƙar yashi don samun kuɗin lakwal. A shekarar 2012 ya bar gida da burin zama ɗan damben zamani a Turai. Ya bi ta Najeriya, ya shigo Nijar, ya tsallaka hamada a bayan mota zuwa Aljeriya, hanyar da mu mutanen Kance muka sani sarai. Daga can ya kai Maroko, inda ya yi wajen shekara guda yana kwana a daji. Sau da dama ana kama shi ana mayar da shi baya, sai a 2013 ya haye teku cikin ƙaramin kwale-kwalen roba. Da isarsa Sifen aka kai shi kaso wata biyu. A birnin Paris kuma a wurin ajiye motoci ya riƙa kwana, har Allah ya haɗa shi da masu horarwa.

Su suka karkata shi zuwa MMA, wato faɗan da ya haɗa dambe da kokowa da shuri. Ranar 27 ga Maris 2021 ya buge Stipe Miocic, ya zama zakaran duniya na ajin masu nauyi a gasar UFC. A shekarar ne ya ɗan fito a fim ɗin Fast and Furious na 9, a 2022 kuma a Jackass Forever. Burinsa na dambe ya cika a Riyad ta Saudiya: ranar 28 ga Oktoba 2023 ya kai Tyson Fury ƙasa a turmi na uku, amma alƙalai suka ba Fury nasara da ƙyar. A Maris 2024 Anthony Joshua ya kashe shi a turmi na biyu.

Ga abin da muke so matasanmu su lura da shi. A shekarar da Ngannou ya taka Turai, cikin watan Oktoba 2013, an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Yara 52, mata 33, maza 7, mafi yawansu ƴan yankin Kance. Hanya ɗaya ce, amma mutum guda duniya ke ba da labarinsa.

Hamada ba ta ba Ngannou komai ba sai wahala. Horo da naci ne suka ɗaga shi. Shi ya sa da ya samu, ya koma Batié ya buɗe gidan horar da yara. Kuma kar mu manta, lambar Olamfik ta farko da Nijar ta samu, Issaka Daboré ne ya ciwo ta da dambe a Munich a 1972.

Ƴan uwa da ke waje, in ƙane ya kira ku yana neman kuɗin mota zuwa Tamanrasat, ku ba shi labarin duka, har da na mutum 92 ɗin nan. Allah ya jiƙansu, ya tsare mana matafiyanmu.