Sassaƙen Katako da Tsarabar Yahudawa a Kasuwannin Krakow

Tsaraba takan ɗauki tarihin garin da aka sayo ta, ko mai saye ya sani ko bai sani ba. Wannan maƙala za ta dubi kayan ado na katako masu fenti da ake sayarwa a birnin Krakow na ƙasar Folan, musamman waɗanda suka shafi Yahudawa.

Yahudawa sun daɗe a wannan birni. A 1495 aka tilasta musu komawa Kazimierz, garin da Sarki Casimir ya kafa a 1335, wanda daga baya ya zama unguwa a cikin Krakow. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu yawansu ya kai kimanin 60,000, wato kusan rubu'in mutanen birnin. Jamusawa sun mamaye Folan a 1939, suka killace su a unguwar Podgorze a 1941, suka kuma hallaka akasarinsu. Kaɗan ne suka rage.

Sassaƙen kuwa ya girmi yaƙin. Tun ƙarni na 19 masassaƙa Kirista ke kawo 'yan mutum-mutumi na katako kasuwar Emaus, wadda ke ci ranar Litinin ta bikin Ista. Sukan sassaƙa Bayahude mai gemu da baƙar riga, riƙe da littafi ko goge irin na Turawa, su kafa shi a kan sifirin yadda zai riƙa rangaji kamar mai addu'a.

Bayan faɗuwar mulkin kwaminisanci a 1989, da fitowar fim ɗin Schindler's List a 1993, baƙi suka yi ta kwarara zuwa Kazimierz, kasuwar tsaraba ta buɗe. A wannan lokaci ne wani samfuri ya yaɗu, wato Bayahude riƙe da kwabo. Masu saye kan ajiye shi a gida ko shago da camfin zai jawo arziki. Nan ne gizo ke saƙar, domin siffar ta farfaɗo da tsohon ƙazafin da ke haɗa Yahudawa da son kuɗi, ƙazafin da aka sha fakewa da shi ana zaluntarsu. A 2013 masaniya Erica Lehrer ta shirya baje kolin waɗannan sassaƙe a gidan adana kayan al'adu na birnin don a tattauna batun. A 2021 kuma hukumar birnin ta fito fili ta nuna ƙin amincewa da sayar da mai kwabon.

Ya kamata a bambanta waɗannan da kayan da Yahudawa da kansu ke bai wa juna kyauta. Akwai gidan mezuza, ɗan siririn akwati da ake kafewa a dogaran ƙofa na dama, ɗauke da ayoyin Attaura a rubuce a kan fata. Akwai kuma direidal, abin wasan yara mai fuska 4 da haruffan Ibrananci, wanda ake murzawa kamar katantanwa a bikin Hanuka.

Saboda haka, mai sayen irin wannan tsaraba ya tambayi kansa: wa ya sassaƙa ta, don wa aka yi ta, kuma mutanen da take siffantawa sun yarda da siffar? Malamin da ya koya wa ɗalibansa yin waɗannan tambayoyi ya ba su hanyar karanta tarihi daga kayan da ke kan teburin ɗan kasuwa.