Riƙon 'Ya'yan Dangi a Ƙasar Hausa: Matsayin Mariƙi da Nauyin da Ke Kansa

Gabatarwa

Da wuya a shiga babban gida a ƙasar Hausa, a birni ko a ƙauye, a tarar duk yaran da ke cin tuwon gidan 'ya'yan cikin maigida ne. Sau da yawa akan sami jika, ko ɗan wa, ko ɗiyar ƙanwa, ko maraya daga cikin dangi. Wannan al'ada ita Bahaushe ke kira riƙo. Galibin maganar da ake yi a kanta ta fi karkata ga halin da ɗan riƙo ke ciki. Manufar wannan maƙala ita ce a juya a dubi ɗaya ɓangaren, watau mariƙi da mariƙiya: yadda yaro ke zuwa hannunsu, da abin da al'ada da shari'a suka ba su, da abin da suka hana su, da kuma irin ɗawainiyar da suke sha.

Ma'anar Riƙo

Kalmar riƙo ta fito ne daga aikatau riƙe, watau kama abu a hannu ba tare da an sake shi ba. Ita kanta kalmar ta nuna matsayin mai yin aikin, domin wanda ya riƙe abu ba lalle ne ya mallake shi ba. Mariƙi yana ci da yaro, yana tufasar da shi, yana yi masa tarbiyya, amma sunan uban yaron da asalinsa da gadonsa suna nan inda suke. A wasu sassa, kamar ƙasar Zazzau, akan ce tallafi. Ya kamata kuma a bambanta ɗan riƙo da agola. Agola shi ne yaron da ya bi uwarsa gidan wani miji, saboda haka yana tare da mahaifiyarsa, mijin uwar ne baƙo gare shi. Shi kuwa ɗan riƙo ya bar hannun uwa, ya koma hannun kaka, ko gwaggo, ko inna, ko kawu, ko baffa, ko yaya.

Esther Goody, wadda ta yi nazarin riƙo a tsakanin Gonjawan arewacin Gana, ta nuna a littafinta na 1982 cewa aikin iyaye ya kasu biyar: haihuwa, da ba yaro asali, da reno, da horo, da kuma tsaya masa har ya zama mutum. Wannan rabo ya dace da riƙon Bahaushe ƙwarai, domin biyun farko suna zama ga mahaifa, ukun ƙarshe kuwa su ne ke komawa kan mariƙi. Ke nan mariƙi ya ɗauki masu nauyi, an bar wa mahaifi masu suna.

Hanyoyin da Yaro Ke Zuwa Hannun Dangi

Hanya ta farko ita ce kunyar ɗan fari. A al'ada, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, uba ma haka. Idan lokacin yaye ya yi, wajen shekara biyu da haihuwa, akan kai yaron gidan kaka don ya manta da nono, sau da yawa kuma daga nan ya zauna ke nan. Ta biyu ita ce rashin haihuwa. Idan mace ta daɗe a ɗaki ba ta samu ba, wanta ko ƙanwarta sukan ɗauki ɗa su ba ta don a share mata hawaye. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau, aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'ya har ta aurar da su. Ta uku ita ce takwara, inda akan ba mutum yaron da aka raɗa wa sunansa. Ta huɗu ita ce 'yar zaman ɗaki, ƙaramar yarinyar da ake haɗa amarya da ita don ta ɗebe mata kewa, ta kuma riƙa yi mata aike. Akwai kuma neman ilmi ko sana'a, inda ake tura yaron ƙauye wurin kawunsa a birni.

Duk waɗannan riƙo ne na daɗin rai, ana shirya su, ana roƙo, ana godiya. Akwai kuma riƙon dole, wanda mutuwa ko mutuwar aure ko ciwo ko talauci ke haifarwa. A nan ba a tambayar mariƙi ko ya shirya. Ranar da aka share makoki dangi sukan zauna su rarraba marayu, kowa ya ɗauki wanda ya faɗo masa. Bambancin waɗannan iri biyu shi ne mabuɗin fahimtar abin da mariƙa ke gani, domin wanda ya roƙi ɗa da bakinsa da wanda aka aje wa ɗa a zaure ba su fara tafiyar daga wuri ɗaya ba.

Matsayin Mariƙi a Shari'a

Riƙon maraya aiki ne mai daraja a Musulunci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa mahaifiyarsa yana ɗan shekara 6, kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi har ya kai 8, sa'an nan baffansa Abu Ɗalibi ya karɓe shi. Shi ma daga baya ya riƙi Aliyu ɗan Abu Ɗalibi a gidansa. Amma aya ta 4 da ta 5 ta Suratul Ahzabi sun hana a mayar da ɗan wani ɗan cikinka, sun yi umurni a riƙa kiran yara da sunan ubanninsu.

A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, haƙƙin reno na uwa ne da fari. In ta faɗi, ko ta auri wanda bare ne ga yaron, sai ya koma ga uwarta, sa'an nan 'yar'uwarta, kafin a zo kan kaka ta wajen uba da shi uban kansa. Renon namiji yana kaiwa har balaga, na mace har ta tare a gidan miji. A nan akwai saɓani da abin da aka saba, domin Bahaushe yakan ce ɗa na uba ne, dangin uba kuma sukan karɓe yaro da an yaye shi. Rigingimu da yawa da ke kai kaka ta wajen uwa gaban alƙali daga wannan saɓani suke tasowa.

Abu na biyu shi ne ciyarwa. A Malikiyya, ciyarwar da ta wajaba saboda dangantaka ta tsaya ne tsakanin iyaye da 'ya'yan cikinsu. Ba a tilasta wa kaka ko baffa ko kawu ciyar da yaro. Saboda haka abin da mariƙi ke kashewa kyautatawa ce da sada zumunci. In uba yana raye kuma yana da hali, nauyin yana kansa, sai dai kunya takan hana mariƙi buɗe baki ya tambaya. In kuwa maraya yana da dukiya, Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani a kan cin ta, aya ta 6 kuma ta ce a miƙa masa abinsa a gaban shaidu in ya kai munzali aka ga hankalinsa.

Abu na uku shi ne gado. Ɗan riƙo ba ya gadon mariƙinsa saboda riƙo. Haka kuma jikan da ubansa ya riga kakan mutuwa ba ya samun kome in akwai baffa namiji a raye, ko da a ɗakin kakan ya tashi. Ƙasar Masar ta kafa dokar wasiyyar dole a 1946 don irin waɗannan jikoki. A wurinmu kuwa ƙofofin da suka rage wa mariƙi su ne kyauta tun yana da rai, wadda aka miƙa aka karɓa, ko wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba.

Abin da Mariƙa Ke Fuskanta

Babbar wahalar mariƙi ita ce horo. In ya tsawata wa ɗan cikinsa, ba mai ɗaga kai. In ya tsawata wa ɗan riƙo, sai maƙwabta su ce don ba shi ya haifa ba. In kuma ya sassauta, yaro ya lalace, sai dangi su ce ai da ma ba a sa ido a kansa ba. Ko ta ina ya juya, akwai bakin da ke jiransa. Tatsuniyoyinmu ma ba su taimaka masa ba, domin cike suke da marainiyar da ake ba ƙanzo ana tura ta rafi da dare, ba a cika jin labarin gwaggon da ta sayar da akuyarta ta kai ɗan ƙanenta asibiti ba. Yaro yana tashi da waɗannan labarai a kunne, shi ya sa in aka hana shi abu kaɗan sai ya fassara shi da maraici.

Ta biyu ita ce daidaita tsakanin yara. Wanda ke cewa ya karɓi yaro galibi maigida ne, amma wadda ke wanka da wanki da jinyar dare matarsa ce, alhali sau da yawa ba a yi shawara da ita ba. In yaron ɗan dangin miji ne, duk abin da ta yi ana auna shi. In ɗan danginta ne, takan ji nauyin tambayar miji kuɗin sabulu ko na makaranta, sai ta fitar daga kuɗin sana'arta. Matan da suka daɗe da riƙo sun san cewa a abubuwa ƙanana ake kama mutum: girman tsokar nama, da wanda aka fara ɗinka wa kayan salla, da wanda ake tasa aike da tsakar rana.

Kaka kuwa matsalarta dabam ce. Tsakanin kaka da jika wasa ne, tana kiran jikanta mijinta, kakan kuma yana kiran jikanyarsa amaryarsa. Wanda al'ada ta sa ka yi wasa da shi, da wuya ka ɗaga masa bulala. Daga nan aka sami zargin da ake yi wa goyon kaka na sangarta. Bugu da ƙari, ƙarfi ya tafi, ido ya rage, ga tunanin wanda zai karɓi yaron in ta faɗi.

Riƙon ɗiya mace yana da nasa lissafi. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin yaran birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda matan kulle suka dogara ga yara wajen aike da talla. Saboda haka ɗiyar riƙo ƙafar mariƙiyarta ce, ita kuma mariƙiya ita ke tara mata kayan ɗaki da gara. Amma ranar ɗaurin aure, waliccin yana hannun uba ko danginsa. Uba mai kara yakan ce mariƙi ya ba da ita, tun da shi ya sha wahalarta. Wani kuwa yakan ɓullo a ranar, ya zaɓi miji, ya karɓi sadaki, wadda ta yi shekara 15 tana ɗawainiya ta zama 'yar kallo. Wannan shi ne ciwon da mariƙa suka fi ambata, watau a karɓe yaro daidai lokacin da ya fara amfani.

Duk da haka, riƙo yana da daɗinsa. Mace marar haihuwa takan sami mai kiranta Inna, da mai jinyarta in ta tsufa, da jikokin da za su cika mata ɗaki. Da yawa daga cikin 'yan riƙo sukan fi shaƙuwa da mariƙiya a kan mahaifiya, musamman ɗan fari, wanda kunya ta shiga tsakaninsa da uwarsa tun yana goye.

Sauye-sauyen Zamani

A da, ƙarin yaro a gandu ƙarin hannu ne a gona, tuwo kuma daga rumbu yake fitowa. Tun daga shirin ilmin firamare na bai ɗaya na 1976, yaro ya koma mai buƙatar littafi da kayan makaranta, a birni kuma ga kuɗin haya da na asibiti da awon yau da gobe. Riƙon daɗin rai yana raguwa, ma'aurata matasa da yawa ba sa son rabuwa da ɗan fari. Riƙon dole kuwa ƙaruwa yake yi, domin rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 da ta'asar 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato sun bar marayu masu yawa a hannun tsofaffi da zawarawa, wasunsu ma su kansu 'yan gudun hijira ne. Har ila yau, an sami masu fakewa da sunan riƙo su ɗauko yarinya daga ƙauye su mai da ita 'yar aiki, abin da ke shafa wa mariƙan kirki baƙin jini. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta tanadi hanyar yin riƙo ta gaban kotu, amma riƙon dangi kusan duk a zaure ake ƙulla shi, ba takarda, ba shaida. Shi ya sa in gardama ta taso, mariƙi ba shi da abin nunawa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa yawancin ɓacin ran da ke cikin riƙo daga abin da ba a faɗa ba tun farko yake fitowa. Ya kamata ranar da za a miƙa yaro a yi magana a fili gaban manya: wa zai biya kuɗin makaranta da na magani, yaushe yaro zai riƙa zuwa ganin iyayensa, wa zai aurar. A kuma nemi yardar matar gida kafin a kawo mata. Dukiyar maraya a rubuta ta gaban shaidu, wanda kuma yake son ɗan riƙonsa ya sami wani abu bayan ransa ya yi kyauta ko wasiyya tun da sauran ƙarfinsa. Sauran dangi kuwa su tuna zumunta a ƙafa take. Wanda bai ɗauki maraya ba ranar rabo, yana iya kai wa wanda ya ɗauka kwanon hatsi da kaka, ko ya ɗauke masa kuɗin makarantar zango ɗaya.