Wutar Murhu Da Takin Gona

A ƙasar Dambatta da Bichi da Minjibir da Dawakin Tofa gona ta haɗe da gona, ba sauran dajin da yaro zai shiga ya yo itace kyauta. Kowace itaciya da mai ita. Saboda haka abin da a ke hura wuta da shi a gidan manomi ɗayan uku ne, ko itacen saye, ko kara, ko busasshen kashin shanu. Na farkon kowa ya san kuɗi ne. Sauran biyun kuwa ana ganin kamar banza a ka same su, alhali gona ce ta ke biyan kuɗinsu.

Ga yadda abin ya ke. Cikin kara da kashin dabba akwai irin abincin shukan nan da ke sa ganyen dawa ya yi kore shar, watau wanda manomi ke saye da tsada cikin buhun yuriya. In an ƙone su, wannan abinci ya bi hayaƙi ke nan. Toka tana da nata amfani, kada a zubar da ita a juji, a kai ta gona, amma ba ta mai da abin da ya tafi sama. Da karan nan ya shiga turke, tumaki sun ci ganyensa sun tattake saura, da ya koma gona cikin mangala ya zama taki. Ƙasar arewacin Kano kuwa jigawa ce mai rairayi, ana noma ta kowace shekara ba hutu, ba ta da abin dogara sai taki.

Kakannin manoman yanzu sun san wannan lissafi sarai. A dā jaki ya kan shiga birnin Kano da itace, ya fito da takin birni. Wani Baturen Ingila, Michael Mortimore, wanda ya yi shekaru yana binciken karkarar Kano tun daga wajen 1960 da 'yan kai, ya ga manoma ba su kashe ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya da ke gonakinsu, sai dai su sassare rassa su bar uwar. Amma bakunan da a ke ciyarwa yanzu sun ninka na wancan zamani, gonar kuwa ba ta ƙaru ba. Tun da ba dama a ƙara itace, sai a rage abin da murhu ke ci.

Murhun duwatsu uku ɓarnarsa ta yi yawa. Masu aune-aune su kan ce zafin da ke shiga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, saura duk iska ta kwashe. Kowa ya tsaya kusa da mai tuƙa tuwo ran da a ke hunturu zai ga harshen wuta yana lasar iska ta gefe guda, tukunya kuwa tana zaune abinta. Maganin wannan ba ya bukatar ko kwabo, sai laka da ƙwazon yini ɗaya.

A samo yumɓu ko ƙasar suri, a haɗa da rairayi kaɗan da ƙaiƙayi da ɗanyen kashin shanu, a kwaɓa kamar za a yi yaɓe, a rufe ta kwana biyu ko uku ta jiƙa. Sa'an nan a kafa duwatsu uku yadda a ka saba, a ɗora tukunyar da a ka fi dafa tuwo da ita, a bar tsakanin gindinta da ƙasa kamar tsawon tafin hannu. A yi ta gina katanga kewaye da duwatsun har ta kai wuyan tukunya. Abin da ya fi kome muhimmanci shi ne ratar da ke tsakanin tukunya da katanga, ta zama kamar kaurin yatsa ɗaya duk kewaye. In ta yi ƙunci, wuta ta shaƙe, hayaƙi ya cika gida. In ta yi faɗi, an koma gidan jiya. Ta wannan 'yar rata zafi ke bi, ya shafi cikin tukunya duka kafin ya fita. A yanke ƙofa ɗaya a gindi, daidai shigar itace biyu ko uku, sa'an nan a bar ginin ya bushe a inuwa kamar mako guda. Wanda ya yi garaje ya hura wuta a ɗanyen murhu, zai ga ya tsattsage.

Murhun laka yana da aibinsa, gara a faɗa tun da wuri. Tukunyar da a ka auna shi da ita kaɗai ya ke karɓa, saboda haka gida yana bukatar biyu, na tuwo da na miya. Ruwan sama yana cinye shi in ba rumfa. Ba ya kuma ba da ɗumi ga tsofaffi da yara lokacin sanyi, domin aikinsa ke nan ya hana zafi fita. Amma a wajen yara akwai riba, gama mai rarrafe ba ya faɗawa wuta, tukunyar miya kuma ba ta kifewa. Hayaƙi ma ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 3.2 su ka mutu a 2020 saboda gurɓatacciyar iskar cikin gida, mafi yawa daga wutar girki. Ko wane irin murhu ne, lalle madafa ta sami taga.

Akwai kuma 'yan dabarun da uwargida ta fi kowa iko da su. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, wuta sai ta ƙone ruwan kafin ta dafa abinci, don haka a faskara shi a jingine ya bushe. A rufe tukunya da murfi. A jiƙa wake tun da dare. In an sauke, a zare ragowar itace a tura cikin rairayi ya mutu, kada a bar shi yana ci don banza.

Mai 'yan kuɗi a hannu yana iya sayen na ƙarfe. A Jamhuriyar Nijar an yaɗa wani tun wajen 1980 da 'yan kai, ana ce masa Mai Sauƙi, maƙera ke yin sa. A nan Nijeriya akwai Save80, wanda masu shi su ka ba shi sunan domin sun ce yana rage itace kashi 80 cikin 100. Da 'yan ƙirare ya ke aiki, amma da tsada, kuma sai an yi haƙurin sassara itace ƙanana. Ana haɗa shi da wani akwati mai riƙe zafi, in shinkafa ko wake ya tafasa a sauke a sa ciki a rufe, ya ƙarasa nuna ba wuta. Wannan akwati kowa na iya kwaikwayonsa da babban kwando, a cika shi da ƙaiƙayi ko buntu, a shimfiɗa tsumma, a binne tukunya ciki, a danne da matashi. Rishon kananzir kuwa ya zama kayan ado a ƙauye, gama litar kananzir ta wuce naira 1,000 tun ƙarshen 2022.

Zancen fitila gajere ne. Aci-bal-bal da fitilar ƙwai sun ba da wuri ga cocilan mai batir, batir kuwa ci ya ke kamar gara, kowane mako sai an saya. Fitilar sola sau ɗaya a ke biya, waɗansu har waya su ke cajawa. A nemi mai takardar garanti, domin na banza sun cika kasuwa, kuma a riƙa share farantin da tsumma, gama ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi ƙwarai. Malaman ofis da 'yan kasuwa na garuruwan da wutar KEDCO ta kai, ga nasu lissafi. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, in ya yi awa 5 kullum, zai sha yunit 9 a wata. Ƙwan zamani mai wat 9 haskensu kusan ɗaya, amma yunit ɗaya da sulusi zai sha. Masu janareta sun fi kowa jin wannan, tun da a ka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023.

Saura sanyaya kaya. Ba kowane mai tumatir ke bukatar firiji ba. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, har a ka ba shi lambar Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye inda iska ke ratsawa cikin inuwa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafin, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwan sha. A gwajinsa yalo ya yi kwana 27 maimakon 3, tumatir da tattasai su ka kai mako uku. Da rani ta fi aiki. Da damina iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, sanyin ba ya kai haka. A riƙa ƙara wa rairayin ruwa safe da yamma.

Lokacin gina murhu shi ne bayan an gama kai amfani rumbu, sa'ad da hannu ya sarara, laka kuma za ta bushe da kyau. Maigidan da ke shakka kada ya yi gardama da kowa. Ya ƙirga damin kara ko itacen da gidansa ya ci cikin mako guda da duwatsu uku, sa'an nan ya sake ƙirgawa mako guda da sabon murhu, abinci iri ɗaya, mai girki ɗaya. Damin da ya ragu a ƙirga na biyu, a kai shi turke.