Civita, ƙauyen da sai ka biya kafin ka shiga

A Italiya, kimanin kilomita 120 arewa da birnin Roma, akwai wani ƙauye mai suna Civita di Bagnoregio. Yana ɗare a kan tsauni, kwazazzabo ya zagaye shi ta kowace fuska. Mazaunansa na dindindin ba su kai ashirin ba, har ana barkwanci cewa kuliyoyin garin sun fi mutanensa yawa.

Tsufa kam ya tsufa. 'Yan ƙabilar Etruska ne suka kafa shi shekara 2,500 da suka wuce, tun Rumawa ba su mamaye yankin ba.

Matsalarsa a ƙarƙashinsa take. Saman tsaunin dutse ne mai laushi da aman wuta ya bari, ƙasansa kuma yumɓu. Ruwan sama da rafukan kwarin suna ta cin yumɓun, in ya ci ya ci, sai gefen garin ya zaftare da gidaje. Ko gidan da aka haifi Bonaventura, shahararren malamin Kirista na ƙarni na 13, mafi yawansa ya faɗa kwari. Da girgizar ƙasa ta 1695 ta auku, sai bishop da manyan gari suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka koma Bagnoregio, wadda a da unguwar Civita ce kawai. Yau Civita ce ke ƙarƙashinta: reshe ya juye da mujiya.

Ƙofar shiga guda ce ta rage, Porta Santa Maria. A jikinta an sassaƙa zakuna biyu riƙe da kan mutum, don tunawa da boren da mutanen garin suka yi wa zuri'ar Monaldeschi ta Orvieto.

Mota ba ta shiga. Mai zuwa daga Roma zai hau jirgin ƙasa zuwa Orvieto, ya shiga bas zuwa Bagnoregio, daga nan sai ƙafa ta yi aikinta, a kan wata siririyar gadar kankare mai tsawon kusan mita 300, wadda ƙarshenta hawa ne mai sa haki. An gina ta a 1965. Tsohuwar gadar, sojojin Jamus ne suka fasa ta a 1944 lokacin da suke ja da baya. A da jakuna ke hawa da kaya, yanzu babura ne da 'yan ƙananan injina. Amma ba a manta da jakin ba: sau biyu a shekara, a Yuni da Satumba, ana sukuwar jakuna a dandalin da ke gaban cocin San Donato. Jaki kuwa ko a Turai jaki ne, in ya tirje mahayi ya sha dariyar 'yan kallo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kuɗin shiga. A 2013 hukumar Bagnoregio ta ɗora wa kowane baƙo yuro ɗaya da rabi, daga baya ya kai yuro biyar. Maimakon mutane su ja baya, sai suka ƙara tururuwa, har baƙi suka kai dubban ɗaruruwa a shekara, da yawansu daga Sin da Japan. Gidajen da aka ƙaurace wa suka zama wuraren cin abinci da masaukin baƙi, kuma da kuɗin nan hukuma ta yafe wa mutanen Bagnoregio wasu harajin ƙaramar hukuma.