Wa ake ɗauka a tafiyar da ba a so kowa ya ji?

A littafin The Lord of the Rings, wanda marubucin Ingila J.R.R. Tolkien ya fitar kashi uku tsakanin 1954 da 1955, an zauna taro a Rivendell kan wani zoben tsafi. Zoben na mugun sarki Sauron ne, kuma ba ya lalacewa sai an jefa shi cikin wutar dutsen da aka ƙera shi, can tsakiyar ƙasar Mordor. Runduna ba za ta kai shi ba, ƙurarta kaɗai ta isa ta tona asiri. Sai dai a saɗaɗa.

Matafiya tara aka zaɓa, daidai da adadin mahayan Sauron. Huɗu daga cikinsu hobit ne, wasu gajerun mutane masu gashi a ƙafa, ba sa sa takalmi, idan suna tafiya a daji ba a jin motsinsu. Elrond, mai masaukin baƙi, ya so ya cike gurbi biyu na ƙarshe da manyan gidansa. Dattijo Gandalf ya ce a ɗauki Merry da Pippin, ƙananan hobit, abokan Frodo mai ɗauke da zoben, domin ko gwarzo irin Glorfindel na gidan Elrond ba zai buɗe wannan hanya da ƙarfi ba.

Shawarar ta zo da tsadarta. A ramukan Moria, Pippin ya jefa tsakuwa cikin wata rijiya don ƙuruciya, sai aka ji ana ƙwanƙwasa daga can ƙasa. Amma wanda ya wargaza ayarin shi ne Boromir, ɗan mai mulkin Gondor, jarumin da ba a shakkar takobinsa. Ganin garinsu na cikin ƙunci, ya yi kwaɗayin zoben don ya yi yaƙi da shi, har ya far wa Frodo. Zoben ta kan buri yake kama mutum, shi ya sa Gandalf ma ya ƙi karɓarsa.

Wanda ya raka Frodo har ƙarshe shi ne Sam, mai kula da lambunsa, da tukwanen girki a baya. Da ƙafar Frodo ta gaza a kan dutsen, goya shi ya yi. Tolkien, wanda ya halarci yaƙin Somme a 1916, ya ce ƙananan sojojin da ya sani a fagen daga ne suka haifi wannan hali na Sam.

Sauron kuwa idonsa na kan Aragorn, ɗaya daga cikin matafiyan, da dakarunsa a ƙofar Mordor, don bai taɓa kawowa a ransa wani zai samu irin wannan iko ya jefar ba. Ɗan hakin da ya raina shi ya tsone masa ido.